An Kawo Matsalar, An Bar Malamin a Baya

Mai karatu, in kana bin tallan kwasa-kwasan intanet, ba ka rasa jin ana cewa a wajensu ɗalibi ne ke warware matsala da kansa. Wannan salon koyarwa ba sabo ba ne. A 1969 makarantar koyon likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ta fara shi. Maimakon lacca kan huhu, sai a kawo wa ɗalibai labarin mara lafiya mai tari da zazzaɓi, su zauna su kaɗan, su ware abin da suka sani da wanda ba su sani ba, kowa ya je ya bincika, a dawo a tattauna. Amma ka lura, akwai malami zaune tare da su. Ba ya ba da amsa, sai dai da zarar an kauce hanya ya jefo tambayar da za ta dawo da su.

To wannan malamin ne ake yarwa idan salon ya hau intanet. Na taɓa yin wani kwas, aka zuba mu da yawa a zauren WhatsApp, aka turo matsala, aka ce mu tattauna. Mutum uku ne suka yi aikin. Sauranmu, har da ni wallahi, babban yatsa kawai muke ɗagawa, kuma duk aka rubuta mun halarta.

Tun 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark suka ja kunne kan barin sabon ɗalibi ba jagora. Hujjarsu ita ce ƙwaƙwalwa abubuwa kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda idan sababbi ne, don haka mai lalube a duhu ƙarfinsa a laluben yake ƙarewa.

Ɗauki matashi a Gyaɗi-Gyaɗi, yana tsaron shago da rana, da dare yana karatun kimiyya a waya. Don irinsa aka farfaɗo da jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, a zamanin Obasanjo. Datarsa a ƙirge take, cajinsa ma haka. A ba shi matsalar unguwarsu: me ya sa zazzaɓin cizon sauro ke ƙaruwa a Tarauni da damina, har layi ya yi tsawo daga kyamis zuwa Asibitin Malam Aminu Kano? Wannan zai ja hankalinsa fiye da kowane misali na ƙasar da bai taɓa zuwa ba, na yarda. Sai dai shi da abokansa nan take za su ce kwata ce, a yashe ta a huta, kowa ya tafa.

Ka ga inda gizo ke saƙar. Sauron da ya fi son ƙazamin ruwan kwata shi ne Kuleks, mai hana barci, amma ba shi ke yaɗa maleriya ba. Anofilis, mai ɗauke da cutar, ya fi yin ƙwai a ruwan sama da ya kwanta a rana: sawun taya, ramin da aka haƙa don gini, kududdufin bayan gida. Zaure ba malami zai tashi da amsar da ba ta cika ba, kowa kuma yana murna. Malami ɗaya ga mutum takwas, ko da saƙon murya ne sau biyu a mako, ya isa ya ce: "Ku ɗebo tsutsar ruwan kwata da ta kududdufi, ku gaya mini wacce ke kwanciya a miƙe a saman ruwa."