Shaihu Umar: waɗanda aka kamo ba su da suna

Mu mutanen Zuru ba ma karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sanyin zuciya. Kakanninmu sun san dawakin Kontagora da harin bayi, shi ya sa wurin da Makau ya tafi hari ƙasar Gwari yake tsaya mana a rai. Littafin ya sa mun yi kukan mahaifiyar Umar, wadda ta keta Sahara tana cigiyar ɗanta har ta faɗa bauta. To amma mutanen da Makau ya kamo fa? Ko suna marubucin bai ba su ba.

A 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin fim da kuɗin gwamnatin tarayya, aka kuma gyara shi aka nuna a Berlin a 2018. Aiki ne na a yaba, Hausarsa garau. Sai dai ya bar labarin a bakin Shaihu, yana ba almajiransa, kamar yadda littafin ya yi. Haƙurin malami muke ji, da ƙaddara. Kyamara kuwa tana iya tsayawa kan fuskar Bagwariyar da aka ɗaure ta bar ta ta yi magana. Ita muke jira har yau.