Allo Na Nan, Ruwa Babu

In ka sauka daga mota a bakin ƙauyenmu, abu na farko da za ka gani allon ƙarfe ne mai farin fenti. Akwai tuta biyu a kai, da sunan wata ONG, da lambar porje, da rubutun Faransanci wanda in ban da mushen lakwal ba mai karanta shi. Bayan allon akwai pampo, irin wanda ake takawa da ƙafa. Ya yi shekara biyu yana ba da ruwa. Yau shekara huɗu ke nan awaki ke kwana a daɓensa. Ƙanwata ta koma tsohuwar rijiya da guga da igiya, kuma ran da layi ya yi tsawo ba ta zuwa lakwal. Allon kuwa ko tsatsa bai yi ba.

Ƴan'uwa ɗalibai, a kan wannan allo nake son mu tsaya, don shi ke nuna yadda kuɗin taimakon ruwa da tsabta ke tafiya. Mai ba da kuɗi yana Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa, kuma shi ma akwai waɗanda zai yi wa bayani. Me zai nuna musu? Hoto da lissafi: foraj kaza, salga kaza, mutum kaza sun amfana. Sabon pampo yana hotuwa, ga hakimi da rawani, ga yara na dariya ruwa na zuba. Robar da ta cinye a cikin bututu bayan wata ashirin ba ta hotuwa. Don haka akwai kuɗin gina, akwai na buki, akwai na seminer da perdiyem da man kat-kat, amma da an zo kan gyara sai a ce wannan aikin al'umma ne. Porje ya cika shekara uku, a rubuta rapor, a rufe biro, a tafi wata jiha.

To al'ummar da me aka bar ta? Namu pampon abin da ya kashe shi ƙaramin ƙarfe ne da bai kai jika talatin ba. Sai dai ba a sayar da shi a kasuwarmu, kuma makanikin da aka horar ya tafi ci-rani. Ƙauyen da ke gabanmu nasu India Mark II ne, namu Vergnet, kowace ƙungiya da irin wanda ta kawo, kayan wannan ba su shiga wancan. Wane ɗan kasuwa zai tara kayan gyaran da sai shekara-shekara ake tambaya?

Kuma gina rijiya ba shi ne ƙarshen magana ba. Mutanen Tibirin Gobir sun san haka fiye da kowa. Daga 1985 har wajen 2000 suna shan ruwan foraj mai yawan sinadarin fuliyo, yara da yawa haƙoransu suka lalace, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Wannan foraj ba na ONG ba ne, amma darasin ɗaya ne: ruwa yana son mai auna shi a kai a kai, kuma aunawa ma ba ta da hoto.

Haka zancen salga. Tsarin da ake kira ATPC, wanda Kamal Kar ya faro a Bangaladash wajen 2000, yana da hikima: kada a raba siminti, a sa gari ya ji kunyar bahaya a fili har ya gina da kansa. Na ga an yi shi a yankinmu. An gina ramuka, an rufe da icce da ƙasa, aka yi buki, aka kafa wani allon. Damina ɗaya rairayi ya rufta da rabinsu, mutane suka koma bayan gari. A takarda har gobe garin ya rabu da bahaya a fili. Ita kwalara ba ta karanta takarda, kuma ba mu manta da wadda ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ba.

Wani zai ce to a daina ba su kuɗi mana. A'a. Wanda ya taɓa yin rani a Damagaram, garin da ke zaune kan dutse, ana jawo masa ruwa daga Gogo-Machaya da Arungoza da Ganaram, ya ga yadda ƴan ga-ruwa ke tsawwala kuɗin bido, ba zai faɗi haka ba. Kuma muna da shaidar cewa taimako na iya aiki. Ku tambayi iyayenku kurkunu. Da yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa. Cibiyar Carter ta shiga yaƙi da shi a 1986, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Makaman yaƙin ba su da tsada: ƙyallen tace ruwa, ɗan sa-kai a kowane ƙauye yana ƙidayar masu ciwo, da mutanen da ba su tafi bayan shekara uku ba. Sun zauna har cutar ta ƙare, kuma da ƙarewarta aka auna su.

Abin da nake nema ke nan a ruwa. Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mu ba ma neman arba'in. A bar ƙidayar pampon da aka gina, a ƙidaya wanda ke ba da ruwa bayan shekara biyar, sannan a saki sauran kuɗin. A ware kaso na gyara tun ranar farko. A daidaita irin pampo a kowane yanki, don mai shago ya samu dalilin ajiye kayansa. A liƙa kasafin porje a ƙofar magajin gari, da Hausa, kowa ya ga nawa ya shiga ƙasa, nawa ya tsaya a otel.

Mu ma da namu laifin. Dala biyar-biyar da mata suka riƙa biya kan kowane bido, asusun kwamitinmu ya kamata su shiga. Ran da aka buɗe shi, abin da ke ciki bai isa kuɗin motar zuwa Maradi ba, kuma ba wanda ya tambaya, don ma'ajin ɗan'uwan kowa ne. Har yanzu in ana hira sai ka ji an ce "pamponsu ya mutu". Nasu, ba namu ba. A 2025 Amurka ta rufe USAID, porje da yawa suka tsaya cak. Wanda bai gane ba da, yanzu ya gane cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu faɗa wa juna gaskiya: rabinmu burinmu mu gama jami'a mu samu aiki a irin waɗannan ƙungiyoyi, albashi mai kyau da kat-kat. Ba laifi ba ne. Amma gobe mu za mu riƙe alƙalamin rapor. Ran da shugabanka ya ce ka rubuta "mutum 1,200 sun samu ruwa mai tsabta", alhali ka je ka ga awaki a daɓe, me za ka rubuta?