Adon Harshe a Ajin Adabin Turanci

Duk ɗalibin da ya zaɓi adabin Turanci a babbar sakandare ya san wannan shafin: jerin sunayen dabarun adon harshe, kowanne da ma'anarsa a layi ɗaya, malam ya ce a haddace kafin jarrabawar WAEC ko NECO. Yawancin sunayen ba ma na Turanci ba ne, daga Girkanci da Latin aka aro su, shi ya sa suke yi wa yaron Landan nauyi a baki, balle na Gusau.

Asalinsu ba na aji ba ne. Lokacin da Aristotle ya rubuta littafinsa kan fasahar magana a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masu ƙara a kotu da masu jawabi a majalisar Atina ne a ransa, mutanen da ke neman juyo da zuciyar mai sauraro. Makarantun Ingila na zamanin Shakespeare sun gaji dabarun suka riƙa ɗura wa yara. A 1589 George Puttenham ya yi ƙoƙarin raɗa wa dabarun sunayen Turanci don sauƙi, amma sunayen nasa ba su karɓu ba.

Abin da ke damuna shi ne, yaron da ke karkarwa gaban wannan jeri ya daɗe da mallakar kayan. Ya san bambancin a ce Audu kamar zaki yake da a ce Audu zaki ne. Na farko kamance, na biyu siffantawa, kuma kunnensa na gaya masa wanda ya fi ƙarfi. Uwarsa ta sha ce masa ta kira shi sau dubu, kambamawa ke nan. Habaici kuwa, gidan da ke da kishiyoyi ya fi kowane littafi koyar da shi. Idan ya yi Islamiyya mai zurfi, ya haɗu da tashbihi da isti'ara da kinaya a ilmin balaga, fannin da Abdulƙahir al-Jurjani ya ɗaukaka a ƙarni na 11. A ajin Hausa ma akwai su, tun da Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya tsara hanyar feɗe waƙa. Sai dai malamin Turanci da na Hausa ba sa leƙa ajin juna.

A jarrabawa, tambayoyin zaɓi suna ƙara wa matsalar ƙarfi, domin suna biyan wanda ya gane suna kawai. Amma a takardar sharhi, gane cewa mawaƙi ya mutunta mutuwa rabin aiki ne. Me ya sa ya ba ta ƙafafu da murya? Tsoro ya ƙara mata ko raini? Nan ne ɗaliban da suka haddace suke tsayawa cak. Gara malam ya fara karanta baitin da ƙarfi, ya tambayi yara abin da suka ji a jikinsu, su yi ta gardama, sannan ya rubuta sunan dabarar a allo.