Taskar ICU da Ƙa'idojin Rubutun Hausa: Sharhi

Manufar wannan maƙala ita ce auna irin riƙon da wata taskar manhaja ta yi wa harshen Hausa, a kan ma'aunin ƙa'idojin rubutu da nahawu. Mai yiwuwa manazarcin harshe ya ga kamar wannan ba gonarsa ba ce. Amma hukuncin da a da yake hannun hukumomin harshe da maɗaba'u, watau yadda za a jera baƙaƙe da yadda za a rubuta sunan wata, yanzu rabinsa ya koma hannun irin waɗannan taskoki, ba tare da an yi shela ba.

Abin da ake nufi da taska a nan shi ne tarin umarnin kwamfuta da aka rubuta sau ɗaya aka ajiye, domin duk mai ƙera manhaja ya ɗauka ya yi aiki da shi, kamar yadda magini ba ya ƙera ƙusa ko ƙyaure da kansa, sai dai ya sayo a wurin maƙeri. Douglas McIlroy ne ya fito da wannan ra'ayi fili a wani taron masana da aka yi a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968, inda ya yi kira da a riƙa ƙera sassan manhaja da yawa, kowa ya ɗiba. A yau da wuya a sami shafin intanet ko manhajar kwamfutar tebur da ba a kan irin waɗannan sassa aka gina ta ba.

Taskar da ta shafi harsuna ita ce International Components for Unicode, ko ICU a taƙaice. Asalinta daga kamfanin Taligent ne, wanda Apple da IBM suka kafa tare. Daga baya ta koma hannun IBM, wanda ya sake ta ga kowa kyauta a 1999, sannan a 2016 aka miƙa ta ga ƙungiyar Unicode. Ita ICU injin ce kawai. Bayanan kowane harshe kuwa daga wani kundi take ɗebo su mai suna CLDR, wanda ake sabuntawa sau biyu a shekara. Android da kayan Apple da Chrome da Firefox da LibreOffice duk suna aiki da ita, Windows ma ta shigar da ita tun 2017. A cikin kundin an san Hausa da lambar "ha", an kuma ware mata ƙasashe kamar Nijeriya da Nijar da Gana.

Inda taskar ta fi cancantar yabo shi ne jerin baƙaƙe. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Lambar z ita ce 122, ta ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ kuwa 599. Saboda haka duk manhajar da ta jera kalmomi bisa lamba tsagwaronta za ta tura dukan baƙaƙe masu ƙugiya bayan z, ta kuma sa ƙ gaban ɓ da ɗ. Malamin da ya taɓa neman Ɗanladi a rajistar ɗalibai ya tarar da shi ƙarƙashin Zubairu ya ga wannan aibi da idonsa. ICU ta warware matsalar: ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k. Bugu da ƙari, idan aka gaya mata Hausa ce, takan ɗauki sh da ts a matsayin baƙi ɗaya ɗaya, ta yadda suna zai zo kafin shanu, tuwo kuma kafin tsamiya. Ta kuma haɗa ƴ ta rubutun Nijar da 'y ta rubutun Nijeriya a gurbi guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin daidaita rubutun ƙasashen biyu shi ne abin da masana suka zauna a kansa a Yamai a 1980.

Sai dai a nan ma da sauran magana. Idan hujjar ware sh da ts ita ce kowannensu sauti ɗaya ne, to ky da kw da gy da gw da ƙy da ƙw da fy ma haka suke a littattafan tsarin sauti, amma ba a ware su ba. Ana iya kare wannan zaɓi da cewa al'adar abacada ta makaranta aka bi, ba ilimin furuci ba. Abin da ba a iya karewa shi ne a ce zaɓi ne da babu makawa daga gare shi. Har wa yau, injin ba ta san inda s da h suke zaman kansu ba. Wanda ya rubuta Is'haƙu da mus'hafi da hamza ya tsira, wanda ya bar ta kuwa an karanta masa sh.

Akwai kuma wata matsala da daidaiton kansa ya haifar. Tun da ƙ da k baƙaƙe ne daban, binciken da aka gina a kan wannan ƙa'ida ba zai kawo ƙasa ga wanda ya nemi kasa ba. A nahawu haka ya kamata, don kuwa kasa da ƙasa, ko bari da ɓari, ba abu ɗaya ba ne. Amma rubutun Hausa mai ɗimbin yawa da ke yawo a na'urori ba shi da ƙugiya, saboda allon rubutun da ke hannun jama'a bai tanade ta ba. Sakamakon haka mutum ɗaya kan rabu biyu a rajista: Danjuma yana gaban Dauda, Ɗanjuma kuwa yana can bayan an gama dukan masu D. Laifin ba na taskar ba ne ita kaɗai, tun da ta ba mai ƙera manhaja damar ƙara tasa ƙa'ida. Amma amfanin taska ai shi ne kada a sake waiwayar abin da ta riga ta yanke, kuma mai ƙera manhaja a wata nahiya ba zai gyara abin da bai san ya karkace ba.

Hamza ta fi kowane harafi shan wahala. Alamomi uku ne ke kama da juna a ido: miƙaƙƙiya ta tafireta mai lamba 39, da lanƙwasasshiya ta rufe zance mai lamba 8217, da kuma mai lamba 700, wadda ita kaɗai Unicode ta ɗauka a matsayin harafi. Ƙa'idar yanka kalmomi ta yarda da biyun farko idan suna tsakanin haruffa, kamar a sa'a da ma'ana, domin harsunan Turai ma suna da irin wannan. Idan kuwa suka zo a farkon kalma, sai ta ɗauke su alamar rubutu ce ta yar. Ta haka 'ya kan koma ya, 'yan kuma ya koma yan. Wanda ke tattara kalmomi da na'ura domin ƙamus ko ƙididdigar matani, in bai lura ba, zai haɗa ɗiyar mutum da wakilin suna a ma'auni ɗaya.

Ta fuskar nahawu rauninta ya fi fitowa. Kundin ya ba Hausa rukuni biyu na adadi, ɗaya da saura, kamar dai Ingilishi. Alhali kuwa Bahaushe kwana uku yake cewa, da shekara goma, da naira ɗari, ya bar suna a tilonsa. Ba a hana mai fassara cika gurbin biyu da siga ɗaya ba, amma gurbin da aka buɗe wa jam'i yakan ja hannu, shi ya sa ake yawan cin karo da "kwanaki 3" da "mintuna 5" a fuskar waya. Jinsi kuma sai abin da ya ƙaru. ICU tana da hanyar zaɓen jimla bisa jinsi, amma sai mai ƙera manhaja ya buɗe ta, shi kuwa harshensa bai bambanta ka da ki ba. Mai fassara sai ya zaɓi ko ya mai da kowace mace namiji, ko ya fake da ku, ko ya koma ga "a shiga", "a danna".

Saura batun sunayen watanni. Kundin ya daɗe yana ɗauke da Faburairu da Afirilu, alhali kafofin labarai da yawa Fabrairu da Afrilu suke rubutawa. Kowace siga tana da madafa: ta farko ta bi tsarin gaɓar Hausa da ke saka wasali tsakanin baƙaƙe, ta biyu ta bi abin da ido ya saba gani. Tambayar ita ce wa ya yanke. A zamanin Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 an san inda za a kai ƙorafi. Bayanan CLDR kuwa ta hanyar ƙuri'a ake tabbatar da su, kuma ƙuri'ar wakilin ƙungiya ko kamfanin da ke cikin Unicode ta fi ta baƙo nauyi. Ƙofar a buɗe take ga jami'o'i da hukumomin gwamnati su shiga a matsayin mambobi, kuma kowane mutum yana iya aika gyara tare da hujjarsa kafin a rufe zagayen shekara.