Gwanintar Mai Gyaran Makullin Tsohuwar Marsandi

Daga 1971 zuwa 1989 kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ya shekara 18 yana ƙera SL samfurin R107, motar nan mai ƙofa biyu da ake kwaye wa rufi. Magajiyarta R129 ta karɓa daga 1989 har zuwa 2001. Duk wanda ya san mota ya san ƙarkon injinansu, kuma har gobe akwai masu riƙe da su a Turai da Amurka suna tattalinsu. Sai dai akwai wani ɗan ƙarfe a gefen sitiyari, kaurinsa bai wuce na babban yatsa ba, wanda kan girke wannan ƙasaitacciyar mota wuri guda alhali injinta lafiya lau. Ramin makulli ke nan. Mutanen da suka iya sha'aninsa suna burge ni matuƙa, domin aikinsu na natsuwa ne da sanyin hannu.

Abu na farko da ke bambanta gwani da mai koyo shi ne sanin cewa abin da muke kira swici ba abu ɗaya ba ne. Akwai tulun makulli, wato ƙarfen da makullin ke shiga cikinsa yana juyawa. Bayansa akwai sakatar da ke kulle sitiyari idan an zare makulli. Can ƙarshe kuma sai ɓangaren wuta, wanda ke haɗa batir da inji. Kowannensu da irin ciwonsa, amma a hannun direba duk ɗaya suke: makulli ya ƙi juyawa. Shi ya sa gwani ba ya fara taɓa sukundireba. Tambaya yake fara yi. Yaushe abin ya soma? Shiga yake ƙi, ko juyawa, ko fita? Ina ɗayan makullin da aka ajiye a gida?

Sau da yawa matsalar ba ta wuce sitiyari ba. Idan aka kashe mota tayoyin gaba a karkace, ko ɗaya ta tokare da dakalin gefen titi, nauyin yakan koma kan sakatar nan ya matse ta. Sai ka ga gwani ya ɗora hannu ɗaya a kan sitiyari yana ɗan juya shi dama da hagu, ɗaya hannun yana riƙe da makulli da yatsu biyu kacal. Da ya gano ɓangaren da sitiyarin ke ɗan sassautawa, sai ya riƙe shi a can, makulli ya juya salin-alin. A wasu samfura masu giyar otomatik kuma makulli ba ya fita sai giya ta zauna daram a kan P.

Inda gwanintar take da gaske shi ne cikin tulun. A ciki akwai jerin 'yan siraran faifai na ƙarfe, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa mai tura shi waje. Muddin babu makulli a ciki, bakunansu na leƙowa su maƙale a jikin gidan tulun, su hana shi motsi. Da makullin ainihi ya shiga, tudu da kwarin da aka yanka a jikinsa sai su ja kowane faifai zuwa daidai gurbinsa, duk su shafe da jikin tulun, hanya ta buɗe. Shekara 30 ko 40 na saka makulli da zare shi kan cinye makullin da faifan gaba ɗaya. Abin da ya zaizaye bai kai kaurin farce ba, amma ya isa ya bar faifai ɗaya a leƙe.

Kallon gwani a wannan mataki abin sha'awa ne. Zai shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur don kada sifirin ya yi tsalle ya ɓace, ya zaro cikin tulun, ya saka makulli, ya ɗaga shi sama wajen haske. Sannan ya bi kan faifan da ɗan yatsa a hankali. Inda yatsan ya ji kaifi, nan ɓarnar take. Idan zai cire faifan, jera su yake yi bi da bi yadda ya same su, domin kowanne da tsayinsa, musanya biyu kaɗai ta isa ta sa makullin mota ya zama baƙo a motarsa. Mai gaggawa yakan goge wanda ya leƙo da magagari, ko ya cire shi ya yar. Makulli zai juya, ba shakka, amma an rage wa motar tsaro, kuma sauran faifan ma suna kan hanyar lalacewa. Gwani sabon faifai yake sakawa, in bai samu ba ya ce a sayo sabon tulu.

To, ga abin da ya sa masu tsofaffin Marsandi ke tsoron wannan ciwo fiye da kowa. Injiniyoyin kamfanin sun tsara makullin ne don ya gagari ɓarawo. Ba a iya cire tulun sai an juya makulli zuwa lamba 1, sannan a zura siririyar waya ta ɗan ramin da aka tanada, a saki baƙin murfin ƙarfen da ya rufe shi. Idan makulli yana juyawa, aikin mintuna ne. Ranar da ya kafe a kan 0 kuwa, wato inda ake zare shi, waccan hanya ta rufe. Sai a kira janwe, a kwance ƙasan dashbod, a sa injin yanka a kan ƙarfen da aka ƙera musamman don kada ya yanku, sau da yawa har da sakatar sitiyarin a yi asararta. Wannan bai tsaya kan SL kaɗai ba. Marsandi samfurin W124 da muke kira V-boot, wadda ta taɓa cika titunan Nijeriya, ita ma irin wannan tsarin gare ta, don haka tsofaffin kanikawanmu na Marsandi sun san zancen sarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk gwanin kirki, da ya ji makulli ya fara sarƙewa sai an jijjiga shi, ba zai bari a kwana ba. Wanda kuma ya yi sa'a makullin da ya kafe ya juya sau ɗaya, kada ya kuskura ya mayar da shi 0. A bar shi a lamba 1, a cire kan batir, a nemo mai gyara ya zo inda motar take.

Shi kansa makullin yana da nasa labarin. Na'urar yankan makulli tana kwafar abin da aka ba ta ne, har da zaizayarsa. A yanko daga tsohon makulli, bayan shekaru a sake yankowa daga wancan, sai kuskure ya hau kan kuskure. Gwani yakan nemi a yanka sabo daga lambar makullin ta asali, kuma dillalan Marsandi sun daɗe suna yin odar makulli da tulu ta hanyar lambar shasin mota, bayan mai ita ya nuna takardun mallaka. Da haka makulli ɗaya ke ci gaba da buɗe ƙofa da but da tayar da inji, yadda motar ta fito daga masana'anta.

Maganar mai kuwa, nan ne mutane suka fi cutar kansu da kyakkyawar niyya. Baƙin mai ko giris a ramin makulli yakan yi daɗi na ɗan lokaci, daga baya ya tara ƙura ya zama kwaɓa mai riƙe faifai. Mu da ke shan ƙurar hunturu mun fi kowa hujjar kiyaye wannan. Abin da masu aikin ke yi shi ne su wanke ramin da feshin wanke kayan lantarki wanda ke bushewa nan take, su bi shi da busasshen man makulli ɗan kaɗan. Wasu sun fi son garin baƙin abin nan da ke cikin fensir, har sukan goga bakin fensir a jikin makullin. Yana aiki a busasshen rami, amma idan ya tarar da tsohon mai a ciki, cakuɗewa yake yi ya ƙara toshe wurin.

Sai nauyi. Tarin makullan gida da na shago da na ofis da ke reto a jikin na mota suna jan tulun ƙasa duk sanda taya ta faɗa rami. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motoci kusan miliyan 2.6 saboda swici mai rauni da kan kashe inji ana cikin tafiya, kuma shawarar da ya ba masu motocin kafin a gyara ita ce su cire komai daga jikin makullin. Lahanin can daban ne da na tsufa, amma ya nuna yadda ɗan nauyin nan ke aiki a kan swici.

Akwai wata alama da gwani ba ya wasa da ita. Idan aka tayar da inji, aka saki makulli bai dawo baya da kansa ba, kik zai ci gaba da juyawa tare da inji har ya ƙone. Wannan yawanci daga ɓangaren wuta ne ko daga datti a cikin tulun, kuma gyaransa ya fi sayen sabon kik araha nesa ba kusa ba. Filaya kuwa haramun ce a wajen gwani idan makulli ya kafe. Makullin da aka murɗa da filaya a ciki yake karyewa, aikin ya koma biyu.

Don haka, mai karatu, in kana da tsohuwar mota irin wannan, ko da V-boot ɗin gida ce, ɗauko makullin ajiya ka gwada shi yau. Idan shi yana juyawa sumul, na hannunka ne ya cinye, ka je a yanka maka sabo daga lamba. Idan shi ma yana sarƙewa, tulun ne, ka kai motar wurin mai gyara tun tana iya tafiya da ƙafarta.