Kamu Uku da Waƙar Daren Kirsimeti

Da zarar Disamba ya kama, hunturu ya fara tsattsaga leɓe, sai ka ga samarin coci sun zaro jita daga bayan kabad sun kaɗe mata ƙura, kowa na so ya iya waƙa ko da guda ce kafin daren 24 ga wata. Wadda aka fi miƙa wa ɗan koyo ita ce Stille Nacht, wadda masu Turanci ke kira Silent Night. Dalilin da ake bayarwa shi ne sauƙinta. Ni dai a ganina an faɗi rabin gaskiya ne, an bar rabin da ya fi nauyi.

Asali ma da jita aka haifi waƙar. Wani matashin limamin Katolika, Joseph Mohr, shi ya rubuta baitocinta shida a 1816. A jajibirin Kirsimeti na 1818 ya kai wa Franz Xaver Gruber, malamin makaranta kuma makaɗin coci, ya roƙe shi ya sa mata karin da zai dace da murya biyu da jita. A daren suka rera ta a cocin St. Nikolaus da ke Oberndorf, kusa da Salzburg a ƙasar Ostiriya, Mohr na riƙe da jitar. Labarin da ake yawan bayarwa na cewa ɓeraye ne suka cinye babban abin kiɗan cocin ƙari ne na mutanen baya. Abin da ya tabbata shi ne Gruber ya san wa yake yi wa aiki: talakawan gari, masu jigilar gishiri a kogin Salzach, da kayan kiɗa mai tsirkiya shida.

Shi ya sa hannun hagu ba ya shan wahala sosai. Kamu uku ne kacal, D da G da A7. A makon farko kan yatsu zai yi zafi, tsirkiya ta bar shaida a fata, sauti ya riƙa fita a dishe domin wani yatsa ya taɓa tsirkiyar maƙwabta. Tsallakawa daga D zuwa G kuwa nan ne kowa ke yin tuntuɓe, domin yatsun uku duk sai sun tashi lokaci guda. Amma da kanta ta fito, an wuce wurin.

Hannun dama ne ke tona asirin mai koyo. Gruber ya ɗora waƙar a kan ƙidaya shida-shida, nauyi na faɗawa a bugu na ɗaya da na huɗu, tafiya irin ta uwa mai jijjiga goyo. Na taɓa zama kusa da wani yaro a harabar coci yana bitar ta da yamma. Yatsunsa na hagu ba su kuskure ko sau ɗaya ba, amma yana sharɓar tsirkiyoyin gaba ɗaya da ƙarfi, yana sauri kamar ana korarsa. Wata dattijuwa da ke shara ta tsaya ta ce masa, "Ɗana, jaririn nan barci ake so ya yi." Bai ce komai ba, ya sassauta hannu, ya bar babban yatsa ya fara taɓa tsirkiya mai kauri sannan sauran yatsun su biyo a hankali. Nan take waƙar ta dawo hayyacinta.

Wannan shi ne abin da bidiyon waya ba ya koyarwa. Zai nuna maka inda za ka ɗora yatsa, amma ba zai gaya maka cewa ana dab da ƙarewa karin ke haurawa sama, har tsofaffi su kasa kai wa, ba zai ce ka sauke waƙar zuwa C domin su ba, ko ka jira jama'a su ja numfashi kafin ka shiga baiti na gaba. Mai molo ko gurmi ya san haka tun fil azal: kunnensa na kan mai rerawa, hannu na biye.

Ambaliya ta lalata tsohon cocin Oberndorf har aka rushe shi, aka gina ƙaramin ɗakin ibada a gurbinsa, aka kammala a 1937. A gabansa jama'a ke taruwa duk ranar 24 ga Disamba da ƙarfe biyar na yamma, cikin sanyi, a rera waƙar yadda aka fara ta, da jita a ƙarƙashin muryoyi.