Tsokaci a Kan Waƙoƙin Zumuntar Mata a Jos

Mun daɗe muna nazarin waƙar baka, amma mun yi biris da waƙoƙin Zumuntar Mata na majami'un COCIN da ECWA a Jos. Daga rikicin Satumbar 2001 zuwa kisan Dogo Nahawa a Maris 2010, gwamnatin Filato ta kafa kwamitocin bincike, na Niki Tobi da na Ajibola, rahotanninsu suka sha ƙura. Matan kuwa, da tulu da caki, ba su fasa rera waƙa ba. Babban jigonsu riƙon bangaskiya ne cikin tsanani, amshinsu gajere, yadda ko mai takaba za ta iya karɓa. Inda muke da ja shi ne, da wuya mu ji an ambaci maƙwabci Musulmi, wanda shi ma ya binne nasa.